Saman Jif, Bayan Fikof ko Ƙaramar Tirela: Ina Ya Kamata Kayan Tafiyar Arewa Su Zauna?

Magidancin da ke Kumasi a Ghana, wanda Allah ya hore wa mota mai ja da ƙafa huɗu, kuma yake son ya ɗebi iyalinsa a lokacin hutun makaranta su nufi gandun dajin Mole, su ga tsohon masallacin Larabanga, su zarce Wa ko Bolgatanga suna kwana a tanti, yana da hanyoyi uku na ɗaukar kayansa. Ko dai ya loda komai a cikin jif da samanta, ko ya yi tafiyar da fikof mai kujeru biyar irin Hilux da Ranger, ko kuma ya ɗaura wa motar ƙaramar tirela mai ɗauke da tanti da kayan girki. Akwai hanya ta huɗu da ake yawan ba mutane shawara a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wato a ƙara wa motar sifirin domin ta daina durƙusawa, kuma za mu zo kanta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a wannan zaɓi ba ƙarfin inji ne ke yanke hukunci ba. Injin waɗannan motoci zai ja abin da ya fi ƙarfin birkinsu da tayoyinsu, saboda haka nauyin da kamfani ya yarda motar ta ɗauka, musamman a kan aksil na baya, wato ƙarfen da tayoyin baya ke ɗaure a jikinsa, shi ne yake fara ƙarewa, kuma yana ƙarewa da wuri fiye da yadda akasarin masu jif suke zato.

Kafin a kwatanta komai sai an san lambobin motar, kuma suna nan a jikinta. Idan aka buɗe ƙofar direba za a ga wata takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin, ko kuma wani ɗan farantin ƙarfe a cikin gidan inji. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Turai sukan zo da lambobi huɗu a jere: ta farko ita ce iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, ta uku abin da aksil na gaba zai ɗauka, ta huɗu kuma na baya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su 4Runner da Highlander da Tundra waɗanda suka cika titunan Accra da Kumasi, suna rubuta GVWR ga nauyin mota gaba ɗaya da GAWR ga kowane aksil, kuma sukan ba da adadin a kilo da fam. A kula kada a karanta fam a matsayin kilo, domin fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, kilo 0.454 ne kawai. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai daga lambar farko, abin da ya rage shi ne rarar da mutum yake da ita, kuma a cikin wannan rara ne direba da fasinjoji da ruwa da tanti da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar bayan fitowarta daga kamfani za su shiga.

Ta fuskar doka, zirga-zirgar motoci a Ghana tana ƙarƙashin Dokar Hanya ta 2004, wato Act 683, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, irin su na 2012 waɗanda aka sani da L.I. 2180. Hukumar DVLA ce ke yi wa mota rajista tana ba da takardar shaidar lafiyarta, 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar motoci kuma su ne a kan hanya. Sikelin da Hukumar Manyan Hanyoyi ta kafa a wurare irin su Offinso da Yapei an yi su ne domin manyan motocin dakon kaya, kuma wannan ne ya sa mai jif yake wucewa ta gabansu yana ganin maganar nauyi ba ta shafe shi ba. Ta shafe shi ƙwarai. Rashin tsayar da mutum a sikeli bai halatta masa wuce abin da ke rubuce a farantin motarsa ba, kuma ranar da aka yi haɗari, Allah ya kiyaye, tambayar yawan lodi tana cikin abubuwan da 'yan sanda da kamfanin inshora za su iya tayarwa. Haka kuma azuzuwan lasisin tuƙi a Ghana sun rabu ne bisa nauyin mota da yawan fasinja, don haka mai babbar jif ko mai niyyar jan tirela ya kamata ya je DVLA da takardunsa ya tabbatar ajin lasisinsa ya rufe abin da zai tuƙa.

Mu fara da hanyar da kowa ya fi so, wato a loda komai a jif, domin ba ta buƙatar sayen wata mota ko koyon sabon tuƙi. Mu ɗauki Prado mai shan dizal, wadda a kasuwanni da dama farantinta ke nuna kilo 2,990. Mu ƙaddara an hau da ita sikeli da tanki cike ba kowa a ciki, ta nuna kilo 2,350, rarar ta zama kilo 640. Adadin yana da daɗin ji har sai an fara lissafi. Maigida da uwargida da ƙanin maigida da zai taya tuƙi da yara uku, a taƙaice kilo 345 ne, saura 295. Kariyar ƙarfe ta ɗora kaya da aka yi wa saman motar a wurin mai walda ta ci 40, tantin da ake ɗaurawa a kanta ya ci 65, saura 190. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, saboda haka jarkoki uku masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake kira galan Kufuor, masu cin lita 25 kowacce, sun kwashe kusan 78, saura 112. Tayar safaya ta biyu da ƙarfenta 35, ƙaramar tukunyar gas 14, firjin mota da abin da ke cikinsa 40, jak da kayan aiki 20. Rarar ta koma kilo 3, alhali ba a sa jakar tufafi ko ɗaya ba, ba a sa shinkafa da mai da garin tuwo da tukwane ba, ba a sa tabarmi da darduma da kujeru ba. Idan waɗannan suka kai kilo 120, motar ta wuce iyakarta da fiye da kilo 100 tun ba ta bar ƙofar gida a Aboabo ko Tafo ba.

Wannan lissafin tafiya ne kawai. Dawowa ta fi nauyi, domin babu Bahaushen da zai je arewa ya dawo zango hannu rabbana. Za a tsaya a Kintampo ko Techiman a sayi doya, a gefen hanya a ɗauki buhun gawayi, ga man kaɗanya, ga zabi, ga kwandunan Bolgatanga da rigunan saƙi na 'yan uwa. Doya ashirin masu kyau kaɗai za su iya kai kilo 60. Ruwan da aka shanye da abincin da aka cinye sun rage wani abu, amma tsaraba takan mayar da shi har da ƙari. Duk tsarin lodin da bai ware wa tsaraba gurbi ba tun daga Kumasi, a ganina, bai cika ba.

Kada a ɗauka sayen jif mafi girma zai warware matsalar. Land Cruiser 200, wadda muke kira V8, farantinta yakan nuna kilo 3,350, amma ita kanta tana kusa da kilo 2,700, don haka rararta ba ta fi ta Prado da wani abin kirki ba, a wasu samfuran ma ta gaza ta. Girman jiki da kujerun fata da na'urorin sanyaya ciki duk nauyi ne da aka riga aka cire daga rabon mai ita.

Matsala ta biyu a wannan hanya ita ce inda nauyin yake zama. Rufin yawancin waɗannan motoci an yi shi ne ya ɗauki tsakanin kilo 75 zuwa 100 a lokacin tafiya, wasu sun ɗan fi haka, kuma nauyin kariyar kanta yana cikin wannan adadi. Tanti da kariya kaɗai sun cinye shi a misalinmu, amma sai ka ga an ƙara jarkokin mai da taya a sama saboda ciki ya cika. Wanda ya taɓa ɗaukar tulu cike a ka ya san cewa ɗan tuntuɓe kaɗan ya ishe shi faɗuwa, kuma jif mai tsayi da aka ɗora wa kilo 200 a sama haka take a lokacin da direba ya kauce wa rami ko akuya da gudun kilomita 90 a tsakanin Buipe da Yapei. Motar takan yi tangaɗi, ta jinkirta amsa sitiyari, kuma haɗarin kifewa ya ƙaru. Amfanin wannan hanya gaskiya ne: babu abin da ake ja, ana shiga lungu da kasuwa, ana juyawa a ko'ina, ana hawa jirgin fito a Yeji ba tare da wahala ba. Amma ta dace ne da mutum biyu ko uku masu tafiya da kaya kaɗan. Ga iyali na mutum shida, jif ta riga ta ƙare aikinta da ɗaukar mutanen.

Fikof mai kujeru biyar ita ce ta biyu, kuma a kan takarda ta fi jif nesa ba kusa ba, domin rararta takan kama daga kilo 800 zuwa kusan tan ɗaya, gwargwadon samfuri. Kayan da suka fi ƙarfin Prado za su shiga Hilux har a sami saura. Gas da man fetur da gawayi suna zama a waje, ba a cikin ɗakin da yara ke numfashi ba, kuma nauyin yana ƙasa, ba a kan rufi ba. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. A fikof mai ƙofa huɗu, ɗakin fasinja ya cinye tsakiyar motar, ya tura bodin kaya baya, ta yadda kaso mai yawa na bodin yana bayan aksil ne. Duk abin da aka ajiye kusa da ƙofar baya yana danna aksil na baya da fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba. Idan aka ƙera mata rumfar ƙarfe mai aljihuna, wadda ita kaɗai za ta iya wuce kilo 150, aka rataya tayoyi biyu da jarkoki a can ƙarshenta, mota za ta iya kasancewa ƙasa da iyakarta gaba ɗaya amma aksil na baya ya wuce tasa iyakar. A kan hanyar burji mai gargada, irin wannan lodi ne yake lanƙwasa shasi a daidai tsakanin ɗakin fasinja da bodi, kuma masu yawon daji a Ostiraliya da Afirka ta Kudu sun san wannan lahani sarai. Maganinsa shi ne a jera ruwa da batir da kayan aiki a jikin bangon da ke bayan kujeru, a bar katifu da tabarmi su zauna a ƙarshe.

Fikof tana da wasu iyakokin da ba na sikeli ba. Kujerunta biyar ne, kuma bodin kaya ba wurin zaman ɗan Adam ba ne a tafiyar kilomita kusan 380 daga Kumasi zuwa Tamale, komai yadda yara suka nace. Kujerar baya a tsaye take, dattijuwa za ta ji jiki. Ƙurar hunturu tana shiga bodi ta kowace kafa, kuma kayan da ba a rufe da makulli ba sai an bar mai gadi idan an shiga masallaci ko gidan abinci. Duk da haka, ga iyalin da bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, ban ga abin da ya kai ta sauƙi wajen zama cikin ƙa'ida ba.

Hanya ta uku, ƙaramar tirela, ita ce mutane suka fi tsoro, kuma ita ce ta fi buƙatar bayani. Hikimarta ita ce ta ƙara aksil na uku da tayoyi biyu, ta kwashe tanti da ruwa da gas da kayan girki daga kan motar. Mu koma kan Prado ɗinmu mai rarar kilo 640. A ce tirelar tana da kilo 550 ita kaɗai da tantinta, an zuba mata kaya na kilo 400, ta zama 950. Ba duk wannan nauyi ne ke kan tayoyinta ba, wani kaso yana danna ƙugiyar da ke bayan mota, kuma wannan kaso ana lissafa shi ne a cikin rarar motar. A Ostiraliya ana yawan aiki da kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela, a Ingila da sauran Turai kuma ana saukowa zuwa kashi 5 zuwa 7. Mu ɗauki kilo 90. Mutane 345, ƙugiya da ƙarfenta 30, dannawar tirela 90, firji 40, jakunkunan hannu 30, jimla 535. An sami saura kilo 105 a mota, rufinta babu komai, kuma idan farantin tirelar ya ba ta kilo 1,200 to akwai gurbin doya da gawayi a cikinta. Iyalin da ya wuce iyaka da fiye da kilo 100 a tsarin farko ya dawo cikin ƙa'ida ba tare da an bar kowa ko komai a gida ba.

A nan ma akwai tarko, kuma ya fi kama masu son babbar tirela. Kamfanoni suna tallata cewa motarsu tana jan kilo 3,500, amma wannan lamba ba ta tafiya ita kaɗai, tana ƙarƙashin iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Ford Ranger da aka sayar a Ostiraliya shekaru da dama tana da izinin jan kilo 3,500, iyakar haɗin kuma kilo 6,000, ita kanta motar tana da kimanin 2,200. Idan aka ja cikakken 3,500, abin da ya rage wa direba da iyalinsa da kayansu kimanin kilo 300 ne kacal. Saboda haka lambar ja da ke cikin talla ba ita ce abin dubawa ba ga mai tafiya da iyali. Ƙari a kan haka, ƙugiya tana can bayan aksil, don haka dannawarta tana ninkuwa. A motar da tazarar aksil biyunta ta kai mita 3, ƙugiyarta kuma tana mita 1.3 a bayan na baya, dannawar kilo 150 za ta ɗora wa aksil na baya kilo 215, ta kuma rage wa na gaba kilo 65. Gaban da ya yi sauƙi yana nufin sitiyari mara riƙo, da fitilun da ke haska sama suna kashe wa masu zuwa ido da daddare.

Batun birki ba abin sassauci ba ne. A Turai da Ostiraliya, tirelar da ta wuce kilo 750 dole ne ta kasance da birkin kanta, kuma littafin yawancin waɗannan motoci ya sa wannan adadi a matsayin iyakar abin da za su ja ba birki. Tirelar da aka ƙera a gida da aksil na tsohuwar mota sau da yawa ba ta da birki ko kaɗan, kuma ƙarfen da mai walda ya zaɓa domin ƙarko yakan sa ta kai kilo 600 tun ba a sa mata cokali ba. Irin wannan, idan aka cika ta, tana tura mota daga baya a kowace gangara, kuma wanda ya taɓa saukowa daga dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw ya san irin zafin da birki ke ɗauka ko da babu abin da ake ja. Birki iri biyu ne ake samu: wanda ke kama kansa idan tirela ta turo ƙugiya, da na lantarki wanda ake sarrafawa daga wurin direba. Na farko ya fi sauƙin gyara a garuruwan da ke nesa da Kumasi, domin ƙarfe ne da waya, kowane bakanike zai gane shi. Na biyu ya fi ba direba iko, amma yana buƙatar na'ura a cikin mota da mai gyaran da ya san ta. Ga tirelar da ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, na farko ya wadatar.

Akwai wani ɗan abu da ya shafe mu musamman, saboda motocinmu da kayan gyaranmu suna zuwa ne daga ƙasashe daban-daban. Kan ƙugiya na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi sani kuma inci 2 ne, wato milimita 50.8, akwai ma wani ƙarami mai inci ɗaya da bakwai bisa takwas. A ido duk ɗaya suke. Wanda ya sayi ƙugiya a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ya sayi tirela daga wani wuri zai iya haɗa biyun da ba su dace ba, su yi kamar sun kama, sai a kan tudun rage gudu na wani ƙauye tirela ta fice. Girman yana rubuce a jikin kowanne, a karanta. A kuma tabbatar akwai sarƙar tsaro, da fitilun birki da na sigina masu aiki, da lambar rajista, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa motar za ta ja tirela. Ƙugiyar kanta a ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, ba a liƙa ta da walda a jikin bamba ba.

Wahalhalun tirela a bayyane suke. Mota za ta ƙara shan mai, wuce babbar mota a hanyar Kumasi zuwa Techiman zai buƙaci fili mai tsawo, fita daga cunkoson shataletalen Suame da safe zai gwada haƙurin direba, kuma komawa da baya sai an koya a fili kafin ranar tafiya. Idan aka tara nauyi a bayan aksil ɗinta, za ta fara lilo a kan gudu, kuma abin yi a lokacin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur a hankali a riƙe sitiyari a miƙe, kada a taka birki da ƙarfi. Rigakafin lilon shi ne a sa kimanin kashi 60 cikin 100 na kayan a gaban aksil, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau. A damina, hanyoyin burji na arewa sukan yi laka, kuma jif mai jan kilo 950 ta fi saurin kafewa. Amma tana da wata fa'ida da sai an isa ake ganinta. A Mole, inda ake shiga daji tare da jami'in gandun da sassafe domin ganin giwaye, mai tirela yana kwance ta ne ya bar tantinsa a kafe da kayansa a ciki, ya tafi da mota mara nauyi. Mai tanti a saman jif kuwa sai ya tashi yara, ya naɗe shimfiɗa, ya ninke tanti kafin motar ta motsa, da yamma kuma ya sake kafawa.

Saura shawarar ƙara sifirin. Mutum zai kai motarsa ya ce bayanta yana durƙusawa, bakanike ya duba ya ce, "Alhaji, a ƙara mata ganye biyu, ko buhun siminti goma ka sa ba za ta ji ba." Gaskiya ne ba za ta durƙusa ba, kuma sifirin da shokozoba masu kyau suna gyara zaman motar da ke ɗauke da kaya a cikin iyakarta. Abin da ba sa yi shi ne canza lambar da ke kan faranti. Birki yana nan yadda yake, haka aksil da boris da shasi da tayoyi. Illar ma ita ce durƙuson da ke gargaɗin mai mota ya ɓace, sai ya ci gaba da lodi hankali kwance. A Ostiraliya akwai tsarin ƙara wa mota iyakar nauyi a hukumance, inda injiniya mai izini yake gwada ta, a ba ta sabon faranti, a sauya takardunta. Ƙarin ganyen sifirin a gareji bai zama wannan ba, kuma abin da hukuma za ta duba shi ne abin da ke jikin motar da takardunta.

Tayoyi kuwa suna da tasu iyakar a rubuce a gefensu, bayan lambar girma. Lamba 112 tana nufin kilo 1,120 ga taya ɗaya, 116 tana nufin 1,250, 120 kuma 1,400, kuma wannan yana tabbata ne idan iskar ta cika yadda aka ƙayyade. A watan Maris da Afrilu zafi a Tamale da Bolgatanga yakan haura digiri 40, kwalta ta fi haka zafi, kuma tayar da aka yi wa lodi fiye da kima ga ƙarancin iska tana lanƙwasa tana ɗumama har ta fashe. A auna iska da safe kafin a tashi, a bi adadin cikakken lodi da ke kan takardar ƙofa, a kuma guji tsofaffin tayoyin da aka shigo da su ga motar da za ta ɗauki iyali.

Duk lissafin da ke sama kiyasi ne har sai an hau sikeli. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da wuraren fasa dutse da wasu manyan rumbunan amfanin gona suna da sikelin da mota ke hawa, kuma ana iya roƙonsu a biya ɗan abin da suka nema. A je da motar kamar ranar tafiya, tanki cike, ruwa cike, mutane a ciki. A fara ɗora tayoyin gaba kaɗai a rubuta, sannan motar gaba ɗaya da tirela a ɗaure amma tayoyin tirelar a waje, bambancin biyun shi ne nauyin aksil na baya. Daga nan a hau da mota da tirela tare, a ƙarshe a kwance tirelar a auna ta ita kaɗai. Irin waɗannan sikeli sukan ƙirga ne da ashirin-ashirin, don haka wanda ya ga saura kilo 20 ya ɗauka ya riga ya kai iyaka. Dannawar ƙugiya ta ƙaramar tirela kuwa ana iya auna ta a gida da sikelin awon mutum da guntun katako da aka yanka daidai tsayin ƙugiyar, a kan ƙasa mai daidai, bayan an tare tayoyin da duwatsu.

Idan aka ce in zaɓa, ga mutum biyu ko uku masu jif zan ce su zauna da motarsu, su sayi tantin ƙasa mara nauyi a maimakon na rufi, su ɗauki ruwan kwana biyu kawai, tunda ana samun ruwa da mai a Techiman da Kintampo da Damongo da Tamale. Ga mutum huɗu ko biyar da ba su sayi mota ba tukuna, fikof da rumfa mara nauyi ta fi, muddin za su jera kaya masu nauyi a gaba. Ga iyali na shida ko bakwai da suka riga suka mallaki Prado ko makamanciyarta, ƙaramar tirela mai birki wadda nauyinta da kaya bai wuce tan ɗaya ba ita ce kaɗai hanyar da na ga lissafinta yana fita, kuma kuɗin da za a kashe a kan kariya da tantin rufi da ƙarin sifirin gara a tara shi a kanta. Wanda kuma ba ya son jan komai, ga shi da jama'a da yawa, ya rage kayan kwana gaba ɗaya ya kama ɗaki a Damongo ko Larabanga, ko kuma ya nemi ɗan uwa mai mota a raba mutane da kaya gida biyu.